Rarar albashinmu: asusun fansho ko Sukuk, kuma da sunan wa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa yi da kansu. Shekarata 52, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura shekara takwas in ajiye aiki. Maiɗakina shekararta 45, tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa, ita ma tana da asusun fansho. Autanmu ya gama jami'a bana, don haka in muka haɗa hannu muna iya ware naira dubu 150 duk wata. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko mu riƙa zuba ƙarin kuɗi na ganin dama a asusun fansho (RSA), wanda ake cira daga albashi kafin a lissafa haraji, amma rabin kuɗin a kulle yake sai an yi ritaya, ɗaya rabin kuma in ka taɓa kafin shekara 5 za a ci harajin ribarsa. Ko mu zuba a waje, hannun jari ko Sukuk (takardun jari na Musulunci da babu kuɗin ruwa), inda hannunmu zai kai duk sanda muka so. Nawa nan, nawa can? Kuma a asusuna ko a nata? Albashina ya fi nata, haraji ya fi cizona, sai nake ganin sassaucin ya fi amfani a nawa.

Ɗan Fagge: Alhaji, sayi fili. Ƙasa ba ta ruɓewa. Na sayi fuloti a hanyar Gwarzo miliyan 2, yau ana taya min 7.

Sadau: Wane ɓangaren hanyar Gwarzo? Makon jiya ƙanina ya sayar da nasa a can miliyan 3 da rabi, shi ma da ƙyar, bayan dillalai sun sha shi.

Ɗan Fagge: Nasa a cikin kududdufi yake ke nan.

Malam Na-Zariya: Kafin maganar haraji, Alhaji, ka duba rukunin zuba jari da kamfanin fansho ya sa kuɗinka a ciki. Duk wanda ya cika 50 ana mayar da shi rukuni na 3, Hajiya kuwa tana na 2 in ba ta sauya ba. Dukkansu akwai takardun bashi masu kuɗin ruwa a ciki. Tun 2021 PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ta buɗe rukuni na 6 wanda babu ruwa. Ni na cike takarda na koma, ban biya ko kwabo ba. Ku fara da wannan.

Uwar Marayu: Baban Khalifa, bar lissafin haraji ka saurare ni, don ni na ga abin da idona. Maigidana, Allah ya jiƙansa, irin tunaninka ya yi. Albashinsa ya fi nawa, ya ce komai a zuba a nasa. Shekara tara ina miƙa masa rabin abin da nake samu a koyarwa, har 'yan kunnen gwal ɗin da mahaifiyata ta bar min na sayar muka sayi hannun jari, duk da sunansa. Mutumin kirki ne, wallahi bai taɓa nufina da cuta ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Da na gama takaba na je kamfanin fanshon, na ce ai ni aka rubuta a matsayin magajiya. Suka ce rubutun nan ba ya ba ni kuɗin, sai na kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Wata goma sha ɗaya muna hawa da sauka. Da kuɗin ya fito aka tara dangi, aka kira malami, aka raba komai a matsayin gado. Na ce akwai gumina a ciki. Yayansa ya ce ina shaida? Ba ni da ko ƙyallen takarda. Tumuni aka fitar, shi ma muka raba biyu da abokiyar zamana. Ban ga laifin shari'a ba, shari'a abin da aka rubuta da sunan mamaci ta gani. Sakacinmu ne. Abin da matarka ta samu, a bar shi da sunanta, ko da harajin zai ninka.

Maman Ilham: Innalillahi. Yaya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Yanzu na aika wa maigidana wannan, ya karanta ya yi shiru.

Sadau: Nawa kotu ta karɓa a takardar, Hajiya? Mu da mahaifinmu ya rasu kashi 10 na kuɗin aka nema.

Uwar Marayu: Mu bai kai haka ba. Lauyan ne ya fi cin kuɗi.

Akanta: Allah ya jiƙan Malam. Amma a dawo kan tambaya, don kowa ya kauce. Alhaji, ba sai an zaɓi ɗaya ba. Naka kason ka sa shi a ƙarin ganin dama, tunda kai ne a matakin haraji mai tsada kuma shekara takwas ta wuce biyar ɗin. Kason Hajiya ya tafi waje da sunanta, domin ita sai ta cika 50 kafin a fara zancen taɓa rabin da ke kulle a asusunta, kuma gida yana buƙatar kuɗin da za a iya ɗauka ranar da ciwo ya zo. Hannun jari ana yanke kashi 10 daga rabon riba tun kafin ya iso ka. Sukuk na gwamnatin tarayya kuwa da dubu 10 ma ana shiga. Na farkon, na 2017, biliyan 100 ne, shekara bakwai, ya riƙa biyan kashi 16.47 a shekara. Na saya, kuma an biya ni duk wata shida.

Ɗan Fagge: An biya ka da wace naira? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460, farkon 2024 ta haye 1,500. Kashi 16 ɗinka ya sayi buhun shinkafa nawa? Filina bai san wannan ba.

Akanta: Filinka ba ya biyan kuɗin asibiti da tsakar dare, sai ka nemo dillali tukuna.

Ɗan Fagge: Kai kam ko ritaya ba ka yi ba kake koya wa dattawa. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akanta: To kai ka yi ritayar? Iyakar sanina a Kantin Kwari kake.

Gwauron Dole: Ni shawarata a ƙara aure da dubu 150 ɗin. Jari ne mai rabon riba kullum, ba haraji.

Maman Ilham: Ba haraji? Je ka tambayi masu biyu. Kuma ba ka ga abin da ya sami tumunin Yaya ba?

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Hajiya Uwar Marayu, maganarki ta shige ni, daren jiya mun zauna da maiɗakina a kai. Akanta, in na zuba nawa a ciki, ƙarin yana bin rukunin da nake ne, ko ana ware shi daban?

Tsohon Direba: Ku da ake zuba muku ma ku gode Allah. Alhaji, kafin ka ƙara ko sisi, ka sa Hajiya ta nemi bayanin asusunta, tunda ka ce wuri mai zaman kansa take. Ni shekara shida ana cire min kashi 8 a takardar albashi. Da aka sallame mu na jira wata huɗun da doka ta ce, na je karɓar kashi 25 na abin da ke asusuna, sai na tarar wata goma sha huɗu kacal aka taɓa turawa. Kashi 10 na kamfani kuwa ko ƙamshinsa babu.

Malam Na-Zariya: Dokar 2014 ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma akwai tara ga wanda ya ƙi. Ka kai ƙara?

Tsohon Direba: Na kai wa? Kamfanin ya rufe, mai shi ya buɗe wani da sabon suna a layi ɗaya.

Maman Ilham: Irin ta makarantar da nake ke nan. Saƙon kuɗin fansho rabona da shi tun kafin azumin bara, in ka yi magana a ce ƙofa a buɗe take.

Sadau: Ku nawa ne a makarantar? In kun kai goma ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu gaba ɗaya, ba za su kori kowa da kowa ba.

Maman Ilham: Mu goma sha bakwai ne, amma shida 'yan uwan mai makarantar ne.