Terabait 1 ya koma gigabait 931

Ɗan Bukuru: Jama'a, me ya sa faifan ajiya na terabait 1 yake nuna gigabait 931 a Windows? Cuta ce?

Injiniya Rikkos: Ba cuta ba ce, ɗan'uwa. Kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024. Terabait 1 a lissafin kamfani bait tiriliyan ɗaya ne; raba shi da 1024 sau uku, 931 za ka samu.

Baba Farin Gada: Yaran zamani! Faifan ajiya na IBM 350 na 1956, faranti 50 ne masu faɗin inci 24, haruffa miliyan 5 kacal yake ɗauka. Hoton waya ɗaya ko biyu ya cika shi.

Hajiya Gangare: Cutar tana wajen memori na jabu: a rubuta gigabait 128, ainihinsa 8. Da ya cika, sabon abu ya danne tsoho. Ku gwada da H2testw, manhajar auna ainihin girman memori, kafin ku zuba komai.