Rukunin jini: wani gwaji ya ce fozitif, wani ya ce negetif, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina budurwa O fozitif ne a katina, amma da na je awon ciki sai aka rubuta min O negetif, har ana maganar allurar anti-D, wadda ake yi wa mai ciki mai jinin negetif don kada jikinta ya yaƙi jinin jariri. Shin jini yana canzawa ne? Wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Mai Gwajin Jini: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Jini ba ya canzawa, da alama alamar D ɗinki ce mai rauni, wato alamar Rh da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini wadda ke sa a ce jini fozitif ne. Muna yawan ganin haka. Idan aka ɗiga maganin gwaji a kan jinin fozitif na sosai, nan take yake dunƙulewa ɓaro-ɓaro. Mai rauni kuwa sai ɗan yashi-yashi, sai ka ɗaga shi wajen haske, wani ma ba ya fitowa sai an bi shi da gwajin Coombs, wani ƙarin gwaji mai iya kama alama mai rauni. Sanadin yawanci harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gado ta RHD mai samar da alamar D, sai alamar ta fito kaɗan a jikin jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1946 aka san da shi, a da ana kiransa Du. Ki karɓi allurar, da wuya ta cutar.

Mai Ba Da Jini: Ni kam kati biyu gare ni. Wajen ba da jini fozitif nake, ranar da za a yi min tiyata aka ce negetif za a tanadar min. Na ɗauka shirme ne, ashe ƙa'ida ce: ana kare wanda zai karɓa.

Baban Mai Sikila: Malam, namu ya fi wannan. Yarona fozitif ne ƙarara a kowane gwaji, amma bayan ƙarin jini da aka sha yi masa sai jikinsa ya fara yaƙar jinin fozitif. Likita ta ce alamar tasa ba cikakkiya ba ce, wani sashenta babu, don haka jiki ya ɗauki cikakkiyar a matsayin baƙuwa. Ire-iren nan, su DAR da DAU da DIIIa, sun fi yawa a 'yan asalin Afirka. Na Turawa, nau'i na 1 da 2 da 3, rauni kawai gare su, da wuya su jawo wannan matsala. Abin da ke ba ni haushi, gwajin yau da kullum ba ya bambance su, sai an duba ƙwayar gadon kanta. Yanzu negetif kaɗai ake ƙara masa, samunsa kuwa aiki ne.

Ɗalibi a Sin: Allah Ya ba shi lafiya, Baba. A nan negetif bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a Turai kuwa kusan 15 ne. Cikin 'yan kaɗan ɗin ma akwai masu DEL, alamar tana nan amma gwajin da aka saba ba ya kama ta sam. Abokin karatuna sai da aka yi masa gwajin ƙwayar gado ya sani.

Hajiya AB: Ba Rh kaɗai ba ne fa. Ni an taɓa rubuta min B, daga baya aka ce A2B ce, A ɗin ce ba ta da ƙarfi.