Me ya sa alewa ke daskarewa kamar gilashi?

Tambaya: 'Yan'uwa, me ya sa narkakken sukari wani sa'in ke daskarewa garau, wani sa'in kuma ya yi tsaki-tsaki?

Amsa: Malam, saurin hucewa ne. Dafa shi ya kai digiri 150 na Celsius, ka juye a farantin da aka shafa wa mai. Zai yi kauri kafin ƙananan ƙwayoyinsa da ido ba ya gani su jeru, sai su sandare a warwatse, shi ya sa yake garau. In sun jeru ne yake yin tsaki-tsaki.

Amsa: Da ya tafasa ka daina juyawa. Ƙwayar sukari ɗaya a gefen tukunya ta isa ta ɓata shi. Ɗiga lemun tsami kaɗan don hana shi yin tsaki-tsaki.

Amsa: Kwalba ma haka take: ana narkar da yashi, garin soda da farar ƙasa a wajen digiri 1500. Amma ita sai ta huce sannu a hankali, in ba haka ba ta tsage.