Kuben bindiga a kan wando mai tazuge

Assalamu alaikum. Aikin tsaro nake cikin farin kaya a Kano. Bindigar aikin ta kusa kilo 1, shigar kuma kaftani da wando mai tazuge.

Kuben fata na fara gwadawa. Zufar Afrilu ta jiƙa shi, bakinsa ya saki, tsatsa ta fara cin ƙarfen. Na koma kuben Kydex (wata irin roba mai tauri) na cikin wando: ya rufe kunama tsaf, amma maƙalinsa bel mai tauri yake so. Da na yi ruku'u sai ya karkace, gindin bindigar ya turo kaftani. Na roba mai zagaye ciki kuwa, kwana 3 ƙurajen zafi suka feso min.

Wane kube ne zai zauna daram ba bel?