Gwajin aure ya nuna HBcAb, garkuwa ce ko ciwo?

Yayar Ango: Salamu alaikum, don Allah masu sanin abin ku taimaka. Ƙanena ya je gwajin aure, kun san tun 2024 doka ce a Kano, aka yi masa na ciwon hanta nau'in B (hepatitis B) mai gida biyar ɗin nan. HBsAg babu, HBsAb babu, sauran biyun ma babu, sai HBcAb kaɗai ya fito. Yanzu kawun amarya ya ce yaro na da ciwon hanta a dakata, ga shi saura sati uku biki har lefe an kai.

Mai Kemis: Hajiya kwantar da hankalinki. Duk wanda ya ƙare da Ab antibodi ne, sojan jiki kenan. Garkuwa gare shi, ya ma fi wanda aka yi wa allura. A ɗaura kawai.

Ɗan Lab: Malam a nan kam ban bi ka ba. Sojan jiki ne, gaskiya, amma ba kowane soja ne ke tare ƙofa ba. Bairos ɗin nan riga biyu gare shi kamar gyaɗa, akwai ɓawon waje wanda shi ne HBsAg, sai ƙoƙon ciki da ya rufe DNA ɗinsa, shi ne c ɗin da ke cikin HBcAb. Antibodin da ke kama ɓawon waje shi ke hana shi shiga hanta. Na ƙoƙon ciki kuwa ko ganin abin da zai kama ba ya yi, don a cikin jini ƙoƙon kullum a lulluɓe yake.

Mai Kemis: To in a lulluɓe yake ta ina jiki ya gan shi har ya yi masa antibodi? Ka ga maganarka ta ci kanta.

Ɗalibar Likitanci: Ba ta ci kanta ba Baba. Bairos ɗin in ya shiga hanta can yake hayayyafa, ƙwayoyin hantar da suka lalace su fashe, ƙoƙon ya zubo tsirara, a nan jiki ke ganinsa. Kuma abin mamaki jiki na tsananin gane shi, saboda furotin iri ɗaya ne ya jeru sau 240 a yawancinsu, wasu 180, suna haɗuwa biyu-biyu su yi tsini kamar jikin bushiya, to akasarin antibodin kan tsinin nan suke dafewa. Abu ɗaya a jere reras haka garkuwar jiki ba ta wasa da shi, shi ya sa kusan duk wanda bairos ɗin ya taɓa shiga jikinsa sai ya yi HBcAb kuma yakan zauna har tsufa. Mai ɗauke da ciwon shekara 30 ma yana da shi fal a jini, bai hana shi komai ba.

Ɗan Lab: Yauwa ƙanwata. Ita kuma allurar rigakafi ɓawon waje kawai ke cikinta, wanda aka yi wa allurar, HBsAb wato antibodin ɓawon waje ne zai fito masa, HBcAb ba zai taɓa fitowa daga allura ba. Wato wannan tabo ne, ba sulke ba.

Kawu Direba: To ai kun dawo maganar kawun amarya kenan. Ya taɓa shiga jikinsa, yana da shi. Ni ƴata ce ba zan bayar ba wallahi.

Ɗan Lab: Haba Kawu, tabon ƙyanda ƙyanda ne? Babba in ya kamu, sama da kashi 90 cikin 100 jikinsu ke kore shi da kansa. Kuma a Najeriya da binciken 2018 ya nuna kashi 8 cikin 100 na manya na ɗauke da HBsAg, masu tabon sun ninka haka nesa ba kusa ba, in ka ce duk mai HBcAb ba ya aure sai zaurukan ɗaurin aure su yi tsit.

Yayar Ango: Ni fa kun ƙara ruɗa ni. Yana da shi ko ba shi da shi?

Ɗalibar Likitanci: Anti takardar nan kaɗai ba za ta faɗa ba. HBcAb shi kaɗai yana iya zama tsohon kamu da ya warke HBsAb ɗin ya yi ƙasa, ko sabon kamu ne yana tsakiyar warkewa, wannan gwajin IgM ke nunawa, ko bairos ɗin na nan kaɗan a ɓoye sai an auna DNA, ko kuma gwajin ne ya yi ƙarya.

Ɗan Lab: Na ƙarshen nan ma na fi zargi. A kaset ɗin gwajin mai gida biyar da aka fi amfani da shi, gidan HBcAb da na HBeAb a juye ake karanta su, layi ɗaya shi ne akwai, layi biyu babu, na sha ganin sabon ma'aikaci ya rubuta akasin haka. A sake a babban asibiti da na'ura, a auna HBsAb da lamba, in ya kai 10 akwai kariya. Amarya ma a gwada ta, in ba ta da komai ta fara allura yau ba sai gobe ba, guda uku ce, na biyu bayan wata ɗaya na uku a wata na shida.

Mai Kemis: Duk wannan dogon turancin ƙarshenta za ku ce lafiyarsa lau, abin da na faɗa tun farko.

Ɗalibar Likitanci: Ko ya fito lafiya ba HBcAb ne ya kare shi ba Baba. Kuma ya riƙe takardar, don ko an warke ragowar DNA ɗin na maƙalewa a hanta, ranar da za a ba shi maganin daji ko wani mai danne garkuwa kamar rituximab yana iya farkawa, dole likita ya sani.

Kawu Direba: Kun ji ko? Yana iya farkawa. Ita da bakinta ta faɗa.

Yayar Ango: Kawu don Allah kar wannan ta kai kunnen dangin amarya kafin Litinin. Ɗan Lab, na DNA ɗin sai ya je da azumi ko zai iya karyawa?

Ɗan Lab: Ya ci tuwonsa Hajiya, jini kawai za a ɗiba.