Sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: ina suke shiga bayan mako 4?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Idan aka yi wa ɓerayen da suka girma allurar BrdU (sinadarin da ke sa alama a ƙwayoyin da ke rabuwa) aka duba hifokamfas (sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa) bayan awa 24, ƙwayoyi masu alama birjik. Bayan mako 4 kuwa sai 'yan tsiraru. Mutuwa suke yi ko rinin ne ke ɓaci? Kuma me ke hana uwayen ƙwayoyin (waɗanda ke haifar da sababbin) yin ta rabuwa?

Malamin jijiyoyi:
Wa'alaikumus salam. Mutuwar ce ta fi yawa. BrdU yana shiga DNA ne a zangon S kaɗai, lokacin da ake kwafarsa, don haka abin da ake gani a awa 24 masu rabuwa ne, ba su zama niyuron (ƙwayar jijiya) ba tukuna. Da yawansu suna mutuwa a makonnin farko. Waɗanda suka ci gaba da rabuwa kuma alamar na raguwa da rabi a kowane zagaye har ta dishe. A mako 4 ki haɗa rinin BrdU da na NeuN (alamar niyuron da ya nuna), ki duba da madubin konfokal (mai duba nama hawa-hawa), domin ƙwaya biyu da suka hau kan juna sukan yi kama da ɗaya.

Ma'aikacin lab:
Malama, ki duba rinin ma. Sai an buɗe DNA da 2N HCl, minti 30 a 37°C, sannan a kashe asid ɗin da ruwan boret mai pH 8.5. Idan ya gaza lokaci, antibodi (furotin da ke kama alamar don rini ya fito) ba zai kai ga BrdU ba. Idan ya wuce, NeuN ɗin zai yi rauni. Allurar BrdU da aka saba ita ce 50 mg a kowane kilo na nauyin ɓeran.

Malamin jijiyoyi:
Batun birki kuwa, yawancin uwayen ƙwayoyin a kwance suke a G0, zangon hutu da ba a rabuwa. Furotin saiklin D2 ke taimaka musu su ratsa G1, zangon da ke zuwa kafin S, kuma ɓerayen da aka cire wa shi kusan ba sa yin sababbin niyuron idan sun girma. Furotin p21, p27 da p57 ke taka birkin. Cire p21 ba riba ba ce: da farko rabuwar na ƙaruwa, daga baya rumbun uwayen ƙwayoyin ya ƙare da wuri.

Likitan ƙwaƙwalwa:
A yi hattara wajen ɗora wannan kan ɗan Adam. Masu bincike sun saɓa: Eriksson ya ga sababbin niyuron a mutanen da suka girma a 1998, Spalding ta ƙiyasta kusan 700 kullum a kowane hifokamfas a 2013, amma Sorrells bai same su ba a 2018. A 2019 Moreno-Jiménez ta nuna cewa barin nama a maganin adana shi fiye da awa 12 na ɓoye alamar DCX, furotin da ake gane ƙananan niyuron da shi. A ganina babban ɓangaren saɓanin daga sarrafa naman yake.