Yawon ƙafa a Rothenburg ob der Tauber da kwarin da ke ƙasansa: ina ne mai sauƙi?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jamus. Ana neman hanyar da iyali za su bi a ƙafa a Rothenburg cikin wuni ɗaya, da dattijuwa mai ciwon gwiwa da yara biyu, ɗaya a keken turawa. Ana cewa garin ƙarami ne, amma wasu sun ce akwai hawa. Waɗanda suka san wurin su taimaka da bayani dalla-dalla.

Ɗan Nürnberg: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da tikiti, don nan ake yawan tafka kuskure. A rubuta cikakken suna, Rothenburg ob der Tauber, saboda akwai Rotenburg an der Fulda da Rotenburg Wümme, duk nesa da nan. Daga Nürnberg ko Würzburg sai an sauya jirgi a Steinach (bei Rothenburg), a shiga ɗan ƙaramin jirgin da ke kaiwa cikin kusan minti 15. Bayern-Ticket, tikitin wuni ɗaya na jihar Bayern, na aiki, amma ranakun aiki sai daga ƙarfe 9 na safe.

Daga tasha zuwa ƙofar Rödertor tafiyar minti 10 ce a shimfiɗe. Ku shiga, ku miƙe Rödergasse, ku ratsa ƙarƙashin bakar Markusturm, ku bi Hafengasse, sai ga ku a Marktplatz, dandalin tsakiyar gari. Daga nan hanya mafi sauƙi ita ce Herrngasse zuwa yamma, a fita ta Burgtor a shiga lambun Burggarten. Kyauta ne, babu hawa, akwai bencina da inuwa, kuma daga bakin katangar ana hango kwarin kogin Tauber da gefen garin gaba ɗaya. A nan gidan sarauta yake a da, yanzu ɗan cocin Blasius ne ya rage. In Mama mai ciwon gwiwa ta gaji, nan ne wurin ajiye ta.

Mai keke: Gaskiya ne Malam, sai dai "shimfiɗe" ɗin da gyara. Kusan duk cikin garin daɓen duwatsu ne, ba kwalta ba. Keken yaro mai ƙananan tayoyi yana maƙalewa a tsakanin duwatsun, yaron kuma ya yi ta girgiza har barci ya gagara. Mai manyan tayoyi na iska ya fi. Takalmi ya zama mai kaurin ƙasa. Silifa da mai tsini a bar su a gida. In an yi yayyafi duwatsun na santsi, musamman a gangaren Schmiedgasse da ke sauka daga Marktplatz zuwa Plönlein, mararrabar da kowa ke ɗaukar hoto. A je can kafin ƙarfe 10, in ba haka ba motocin 'yan yawon buɗe ido sun sauke jama'a, ba wurin tsayawa.

Malamar makaranta: Ni ganuwa zan yi wa magana, don ita ce ke ruɗar mutane. Ba irin ganuwar Kano ta ƙasa ba ce. Ta dutse ce, a samanta akwai siririn lungu mai rufi da ake bi. Ba a biyan ko sisi, amma hawanta ta matakala ne masu tsayi, wasu na dutse wasu na katako, galibi kusa da ƙofofi: Klingentor, Galgentor, Rödertor da wajen Spitaltor. Lungun mutum ɗaya yake ɗauka. In kun haɗu da masu tahowa, dole ɗaya ya manne da bango. Dogon mutum ya kula da kansa, katakan rufin sun yi ƙasa a wurare da dama, kuma daɓen ba daidai yake ba. Keken yaro ba ya hawa sam. A goya, ko a raba tawaga: masu ƙarfi su hau a Rödertor su nufi kudu, sauran su bi titin da ke gindin ganuwar daga ciki, a haɗu a Spitalbastei, shingen tsaron da ke ƙarshen kudancin gari. Wannan yankin ya isa, ba sai an zagaye duka ba.

A jikin bangon za ku ga allunan dutse da sunayen mutane da kamfanoni daga ƙasashe daban-daban. Su ne suka ba da kuɗin sake gini bayan ruwan bama-baman 31 ga Maris 1945, wanda ya rusa gabashin garin. Yara kan ji daɗin neman sunan ƙasar da suka sani.

Ta ɓangaren yamma, inda garin ke kallon kwari, ba a bin saman ganuwa, sai a sauko ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya ɓata.

Ɗan Nürnberg: A ƙara da hasumiyar Rathaus, wato ginin hukumar gari. Matakala 220 ce, ƙarshenta kamar tsani, saman kuma ƙunci gare shi. Ba ta Mama ba ce, ba ta ƙananan yara ba.

Baban Würzburg: Kwarin shi ne daɗin wurin, kuma shi ne inda lissafi ke ƙwacewa. Garin a kan tudu yake, kogi na ƙasa, duk wanda ya sauka sai ya hau. Ga zagayen da aka saba: daga Plönlein a ɗauki hannun dama mai gangarawa, a fita ta Kobolzeller Tor, a sauka zuwa Doppelbrücke, gadar dutse mai baka hawa biyu. A tsallaka, a bi hanyar Taubertalweg ana bin ruwa. Nan kwalta ce, shimfiɗe, ana wuce tsofaffin gidajen niƙa da Topplerschlösschen, ɗan gida mai kama da hasumiya wanda magajin gari Heinrich Toppler ya gina a 1388. A ci gaba har ƙauyen Detwang, sannan a hau zuwa Klingentor. Da hutu, a ware awa 2 zuwa 3.

Abubuwa biyu ke ɓata tafiyar. Na farko, gangaren Kobolzell ya fi cin gwiwa wajen sauka fiye da yadda ake zato, ga dutse ga tsayi. Mai tura keken yaro ya riƙe da hannu biyu, ya sa igiyar wuyan hannu in yana da ita. Na biyu, Taubertalweg ba ta masu ƙafa kaɗai ba ce. Motoci na bi, masu keke kuma da yawa, don hanyar keken Liebliches Taubertal da ke zuwa Wertheim daga wannan yanki take farawa. A bi gefen hagu ana fuskantar abin hawa, yara a ciki.

Mai keke: Yaya, ni ban ga dalilin sauke mai ciwon gwiwa kwarin da ƙafa ba. In da mota aka zo, a kai Mama Detwang ko gindin gada, ta yi tafiyar bakin ruwa, a ɗauko ta. In babu mota, tasi daga tasha. Ƙananan hanyoyin da ke sauka ta gefen Burggarten da gonar inabi sun fi kyan gani, amma akwai matakala, bayan ruwa kuma laka.

Ma'aikaciyar jinya: Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a dogon ciyawa, kuma mafi yawan jihar Bayern na cikin yankin cutar FSME (kumburin ƙwaƙwalwa) da take yaɗawa. Dogon wando, safa a kai, kada yara su kwanta a ciyawar bakin kogi. Da daddare a duba bayan gwiwa, hammata, wuya da bayan kunne. In an gan ta, a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki a ja a hankali; kada a shafa mai ko a matse cikinta. Akwai kuma wani ganye mai zarto a gefe, Brennnessel, da ke sa ƙaiƙayi da zafi in an taɓa. Lambar gaggawa 112.

Malamar makaranta: Guzuri a taho da shi, ranar Lahadi manyan kantunan abinci a rufe suke. Schneeballen, dunƙulen soyayyar fulawar da ake sayarwa ko'ina, a tambaya kafin a saya, don wasu ana zuba barasa a kwaɓin ko a cikin abin da aka cusa. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 da rabi, hanyoyin kwari kuma ba ko'ina ke da fitila ba, saboda haka a fito daga can da wuri. Azahar da La'asar ma a lokacin suna matse da juna, a tsara inda za a tsaya tun daga gida.

Maman 'yan biyu: Allah ya saka da alheri. Ke nan Mama da ƙaramin za su tsaya a Marktplatz da Burggarten, babban ya hau ganuwa da babansa daga Rödertor. Malam na Würzburg, daga Detwang zuwa Klingentor keken yaro na iya hawa, ko sai an naɗe shi?

Baban Würzburg: Da mutum biyu zai hau, Hajiya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, amma a sauke jaka daga jikinsa tukuna. In ke kaɗai ce babba a wurin, ki goya shi ki bar keken a sama.